Yadda Na Sallami Tukunyar Gas

Da na yi ritaya daga koyarwa, abokan aikina kowa ya kama abin da ya dace da shekarunsa. Wani ya buɗe shagon maganin feshi, wani ya koma zaman ƙofar gida yana gyara wa gwamnati kurakuranta daga kan tabarma. Ni kuwa sai na samo wata tsohuwar bas da ta gaji da jigilar fasinja tsakanin Birnin Gwari da Kaduna, na ce zan mayar da ita ɗaki.

Waya ce ta ja min. A cikinta na riƙa ganin Turawa suna zaune a motocinsu a bakin tafki, da gado da madafa da labule, suna kurɓar shayi suna kallon tsaunuka. Na ce a raina, tsauni ne ba mu da shi ko daji? Ga gonar da mahaifinmu ya bari can bayan Tabanni, a bakin daji, wadda muka yi shekaru ba mu taka ba saboda halin da aka shiga. Da abubuwa suka ɗan lafa mutane suka fara komawa gonakinsu, na ga ba abin da ya fi min in tafi da ɗakina, in kwana kusa da masarata, in huta da hayaniyar gari.

Mai walda ya cire kujeru, kafinta ya kafa gado da kanta, na sa labule mai furanni wanda mai ɗakina ta daina amfani da shi. A kusurwa kusa da ƙofa na ɗaure ƙaramar tukunyar gas da murhunta. Ranar da aka gama, na kira Hajiya ta zo ta gani. Ta leƙa ciki, ta dubi gadon, ta dube ni.

"Malam, gidan ne ya yi maka kaɗan, ko mu ne muka yi maka yawa?"

Na ce mata ba za ta gane ba, wannan wata irin rayuwa ce.

"Haka ne," in ji ta. "Allah ya tsare hanya."

Daminar farko komai ya tafi daidai, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi idan na tuna. Gas ɗin nan bai taɓa yi min komai ba. In murɗa, in ƙyasta ashana, shayi ya tafasa kafin in gama alwala. Ina ajiye motar a ƙarƙashin wata babbar ɗorawa a gefen gonar, inuwa ta rufe ni ruf. Maƙwabcina ɗaya ne, wani dattijon makiyayi da rugarsu ke hayin rafi, kowa Baffa yake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Yakan biyo da hantsi idan shanu sun fita, ya jingina sandarsa a jikin motar, mu sha shayi, ya tambaye ni labarin gari, in tambaye shi labarin ruwa.

Wata rana da azahar na dawo daga cikin gona, na buɗe ƙofar motar, wani wari ya dake ni a fuska. Ban tsaya tunani ba. Duk labaran fashewar gas da na taɓa ji a rediyo suka taso min a lokaci guda. Na juya na zura da gudu, irin gudun da rabona da shi tun ina ɗan makarantar horon malamai, takalmi ɗaya ya tsaya a kunya, hula ta bi iska. Na hango Baffa da 'ya'yansa suna tahowa da shanu ta gefen gonar, na ɗaga hannu biyu ina ihu.

"Baffa, ku koma! Ku kore shanun! Mota za ta tashi!"

Suka kora shanu suka yi nisa. Muka tsaya a bayan wani suri, ni da su, muna jiran ƙara. Na yi musu bayani filla-filla yadda gas yake taruwa a rufaffen wuri, yadda ko ƙyallin ƙarfe kan iya tayar da shi. Suka saurara da ladabi. Inuwa ta karkata, motar na nan tsaye, kurciya ma ta sauka a kanta tana kuka. Da la'asar ta matso, kunya ta fi tsoro ƙarfi, na rufe hanci da gefen riga na lallaɓa. Tukunyar gas a rufe take gam. Warin daga ƙarƙashin gado yake fitowa, daga wata leda da Hajiya ta cusa min cikin kaya ban sani ba. Daddawa ce, sabon ɗauri, ta sha zafin mota tun safe.

Na fito da ledar a hannu. Baffa ya sunsuna, ya ce, "Kai, wannan mai kyau ce. Ta gida ce ko?"

Bai yi dariya ba, 'ya'yansa ma suka juya baya suna duba shanu da wani irin himma. Da sun yi dariyar da ya fi min sauƙi. A hanyar komawa gida na yi ta juya abin a raina, kafin in iso gari na riga na yanke hukunci. Mutum mai furfura ba zai yi irin wannan gudu a gaban jama'a ba a ce babu mai laifi. Daddawa ta Hajiya ce, ba ta taɓuwa. Saura gas.

Na shiga karatu a waya kamar mai shirin jarrabawa. Na koyi cewa mutanen da suka ci gaba duk sun bar gas sun koma hasken rana, babu wari, babu ɗaukar tukunya zuwa gari, babu fargaba. Na je wurin wani mai haɗa sola a bakin kasuwa, mutum mai fara'a da yawan "ranka ya daɗe". Na lissafa masa abin da nake so: fitila, fanka, cajin waya, ƙaramin firji.

"Zai ɗauka, ranka ya daɗe."

"Da murhun lantarki. Girki zan riƙa yi."

"Zai ɗauka."

"Har wake?"

"Alhaji, wannan haɗin da zan yi maka, injin niƙa ma in ka jona masa zai tashi."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Mun dace da juna ni da shi: ni ina son a ce min e, shi kuma bakinsa bai saba da a'a ba. Ya ɗaure farantai biyu a rufin motar, ya sa batir a inda tukunyar gas take, ya kafa infata a jikin bango, wato akwatin da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Muka gwada a ƙofar shagonsa da tsakar rana a cikin bazara, rana kamar ta fasa kai. Ruwa ya tafasa nan da nan. Yaran kasuwa suka yi tafi, ni kuma na karɓi tafin kamar ni na ƙirƙiro ranar.

Na sauke tukunyar gas da kaina na kai ta madafar Hajiya, na dire a gabanta. Sai da na yi ɗan jawabi. Na ce daga yau ni da wuta mai harshe mun raba gari, abincina daga sama zai riƙa saukowa kai tsaye, babu ɗan tsakani.

"To madalla," in ji ta. "Dama tawa ta kusa ƙarewa."

Ba a nan na tsaya ba. Na yi wa majalisarmu bayani, na yi wa limamin unguwa bayani bayan sallar asuba har ya fara duban ƙofa, na tare masu sayar da itace a hanya na yi musu nasiha a kan sare daji. Har ashana na cire daga motar, don kada zuciya ta raya min wani abu. Daga baya na mayar da kwali ɗaya, na ce na kunna maganin sauro ne.

Tafiyar gwaji ta faɗo a tsakiyar damina, lokacin sa taki na biyu. Ni da na koyar da yara yanayin ƙasa shekara da shekaru, na zana musu gajimare a allo, na yi musu tambaya a kan marka a jarrabawa, ban haɗa wannan da wancan ba. Na loda wake da shinkafa da manja, na kama hanya ina waƙa.

Na isa da yamma na shige ƙarƙashin ɗorawata kamar kullum. Washegari na duba infata, wutar da na zo da ita daga gida ta ragu, ba abin da ya ƙaru. Na tsaya ina kallon rufin motar, ina kallon ganyen ɗorawa, sai a hankali abin ya shigo min. Inuwar da na fi so a duk gonar ita ce abokiyar gabata yanzu. Na tayar da mota na fito da ita fili, can ƙasa kusa da fadama inda babu ko kargo. Rana ta ɗan leƙo, motar ta ɗauki zafi kamar tanda. Na kunna fanka don in rayu, fankar ta shanye abin da ranar ta kawo. Na kashe fanka, na fita na koma ƙarƙashin ɗorawa na zauna a kan dutse, ina hango ɗakina daga nesa yana shan rana shi kaɗai.

Daga nan sai sama ta rufe. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne, irin yayyafin nan ne da ba ya tsayawa ba ya ƙaruwa, gari ya yi toka-toka tun safe har magariba. Rafi ya cika, 'yan ƙwadagon da za su zo daga ƙauye su sa min taki ba su samu ƙetarewa ba. Na ce ba komai, ai ga lokacin hutun da nake nema. Na wanke wake na ɗora a murhun lantarki, na zauna a bakin gado da littafi, kamar Baturen cikin waya. Ruwan ya fara motsi, ƙananan kumfa suka fara tasowa, sai infata ta saki wani kuka siriri mai shiga kunne, fitila ta yi ja, komai ya mutu. Na ɗebo ƙwayar wake na tauna. Da tsakuwa da shi bambancin kaɗan ne.

Na rufe tukunyar na ce gobe ma rana ce. Gobe ta zo, rana ba ta zo ba. Da hantsi batir ya ɗan farfaɗo, na sake ɗorawa, ruwan ya yi ɗumi, infata ta yi kukanta. Haka muka yi ta yi da waken nan, kullum in ɗumama shi ya huce, har ya fara wani tsami-tsami, na zubar na wanke sabo. Abin da ya riƙe ni shi ne burodin da na saya a hanya da 'yar gyaɗa, su ma suka kama hanyar ƙarewa.

Ana cikin haka Baffa ya zo. Rugarsu ta dawo wannan gefen rafin a daminar, don haka ruwa bai tare shi ba. Ya zo da malfa da buhun leda a kafaɗa, ya kewaya motar yana kallon rufi.

"Malam, madubi ka sa wa motar?"

Yunwa ba ta hana ni bayani ba. Na ce ba madubi ba ne, tarkon rana ne. Na ce yanzu ba ni da buƙatar gas ko itace, ko kananzir, ko wani mahaluƙi. Na ce wata rana su ma za su huta da hayaƙi. Ya gyaɗa kai ya ce Allah mai iko. Sai ya zauna a inda ya saba zama, ya jingina sanda, yana jiran abin da ya saba samu.

Na ɗora ruwan shayi ina addu'a a zuci. Na kashe fitila, na zare firji wanda dama babu komai a cikinsa sai albasa. Ruwan ya kai ɗumin wankan jariri, infata ta yi kuka. Na yi tari don in rufe ƙarar. Na jefa ganyen shayi, na zuba sukari da yawa, na juya, na miƙa masa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Na rana ke nan," in ji shi.

"Na rana ke nan, Baffa. Ba ya ƙona baki."

"Gaskiya ba ya ƙonawa."

Ya shanye tas, saboda shi mutum ne mai kunya. Da zai tafi sai ya laluba aljihu ya fito da 'yar ƙaramar waya, ya ce ta mutu tun shekaranjiya, ga ɗansa ya tafi da wasu shanu wajen Damari ba su ji daga gare shi ba, ko tarkon nawa zai iya tayar da ita? Na ce wannan ai wasa ne. Na jona, ta kawo haske, Baffa ya yi murmushi har da taɓa kafaɗata. A karon farko tun zuwana solar ta yi abin da aka ce ta yi, a gaban shaida kuma.

Washegari wata mata daga rugar ta iso da ƙwarya a ka. Na ɗauka nono ne, cikina ya yi murna. Ta sauke ta buɗe faifai, wayoyi ne cike, manya da ƙanana, wasu an ɗaure da roba, da tocila biyu da rediyo. Ta ce Baffa ya ce a gaishe ni. Kafin azahar wasu suka zo daga wata rugar da ban ma san da ita ba. Labari ya bazu cewa Malam ya kama rana ya sa a akwati.

Yanzu fa ga zaɓi a gabana. Ɗan abin da farantai ke tatsowa daga gajimare ba zai isa wake ba, amma zai isa wayoyi. In na ce babu wuta, na ƙaryata kaina. In na ce akwai, babu ko ruwan ɗumi. Na zaɓi suna. Na shimfiɗa wayoyi a kan gadona layi-layi, ina canza su ɗaya bayan ɗaya kamar ma'aikacin asibiti, masu su kuma suna zaune a bakin motar suna hira da Fulatanci, suna dariya, suna kunna waƙa don su tabbatar ta yi caji. Ni da na baro gari saboda hayaniya, sai ga ni da tasha.

Ba su zo hannu sake ba, Allah ya saka musu. Kowa da ɗan abin da ya riƙo, kuma duk abu ɗaya ne: nono. Kindirmo da safe, tsala da rana, wani da ɗan dunƙulen fura, mafi yawa babu. Ba wanda ya kawo dafaffen abinci, don kowa ya san Malam da rana yake girki, kai masa tuwo raini ne. Na sha nono har na fara jin ƙamshinsa a gumina. Cikin ɗan birni mai shekaru irin nawa kuwa yana da ra'ayinsa a kan wannan, ya kuma bayyana shi. Na san kowane kurmi da ke bayan gonar nan, a cikin yayyafi, da buta a hannu.

Na yi niyyar in gudu gida. Na tayar da mota, na sa giya, tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya suna watsa laka. Filin da na zaɓa don rana bakin fadama ne, ya sha ruwa ya ƙoshi, motar ta zauna a ciki har gindi. Na kashe, na sauko, na dube ta. Ba inuwa, ba rana, ba tafiya.

A ranar ne na karaya. Da hantsi, bayan masu wayoyi sun watse, na ɗauki kwalin ashanar maganin sauro na zaga bayan motar, ɓangaren da ba a hangowa daga ruga. Na jera duwatsu uku. Na tsinto itace, duk a jiƙe, na yayyaga bangon littafin da nake karantawa na cusa a ƙasa, na tsiyaya ɗan man mota a tsumma. Rabona da hura wuta tun ina yaro a gidan kakata. Na durƙusa, ni mai yi wa masu itace wa'azi, ina busa ina tari, hawaye na zuba, gwiwoyina cikin laka. Wutar ba ta kama sosai ba, amma hayaƙi kam ya samu. Fari ne, mai kauri, ya taso ya lulluɓe motar, ya bi ta ƙarƙashinta ya fito ta ɗaya gefen, ya miƙe sama kamar ana ƙona gawayi. Na ɗora waken a haka. Can sai na ji tukunya ta fara magana, wannan ɓararrakar da na yi kwanaki ina marmari. Na zauna a kan dugadugaina ina saurare kamar mai jin wa'azi.

Ban ji tahowarsu ba sai da suka iso. Ihu na fara ji, "Wuta! Motar Malam!" Kafin in miƙe, ruwan bokiti ya sauka a bayana, wani ya sauka a kan murhun, wani ya bi ta tagar motar ya sauka a kan gado. Matasa ne da mata, da bokitai da ƙore da tulu, sun ɗebo daga fadama a guje. Wani ya finciko ni ta hannu ya ja ni nesa yana cewa in yi salati. Baffa ya iso daga baya yana haki, rawaninsa a warware.

Hayaƙi ya washe. Ga duwatsu uku, ga baƙin itace yana tsiyaya, ga tukunyata a kife, wake ya watsu cikin laka. Na tsaya ruwa na ɗiga daga gemuna, ina neman bayani irin na malamai, wanda zai nuna cewa wannan ma wani sashe ne na tsarin.

Baffa ya dubi waken, ya dube ni, ya dubi farantan da ke rufin.

"Malam, yaushe rabonka da tuwo?"

Na buɗe baki zan ce ai ina cin abinci sosai, sai na ji muryata ta ce, "Tun gida, Baffa."

Ya juya ya yi wa matan magana da Fulatanci, da ɗan faɗa-faɗa, su kuma suka riƙe baki suna salati. Daga baya na gane cewa faɗan na rashin kula da baƙo ne. Wannan ya fi ruwan bokitin sanyaya min jiki. Suka tafi da ni ruga a haka, da jiƙaƙƙiyar riga, aka ba ni wani zane na yafa, aka zaunar da ni a bukkar Baffa kusa da wuta. Wuta ta gaske, mai harshe, mai hayaƙi, irin wadda na yi wa jawabin bankwana. Na miƙa mata hannuwa biyu. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Na ci na farko ban ɗaga kai ba, aka ƙaro na ce na ƙoshi, hannuna kuma ya ci gaba da aikinsa.

Da na natsu, Baffa ya ce ɗansa ya kira, suna lafiya, shanu ma lafiya. Ya ce ba don akwatina ba da har yanzu hankalinsu a tashe yake. Ya faɗi haka ne don ya mayar min da ɗan mutuncina, na sani, na kuma karɓa hannu bibbiyu.

Sauran kwanakin a rugar nake cin abinci, su kuma suna kawo wayoyi. Da ruwa ya ɗan tsagaita aka kawo bijimai biyu na huɗa, aka ɗaura igiya a gaban motar, matasa suka tura ta baya, ni ina riƙe da sitiyari ina ba da umarnin da ba wanda yake saurara. Ta fito da wani irin sauti kamar an zare ƙafa daga taɓo. Takin dai ba a sa ba sai da na sake dawowa.

A gida ban ba da labari duka ba. Na ce tafiya ta yi kyau, akwai 'yan gyare-gyare. Hajiya ta ɗaga katifar motar da ke warin ruwan fadama, ta dubi wuyana da ya zurma. Ta dai dafa wake da shinkafa a daren, ta zuba min fiye da ƙa'ida, ta zauna tana kallona ina ci.

Ban koma wa gas ba, taurin kaina bai ba ni dama ba. Na koma wurin mai sola, na ce masa haɗinsa bai dafa wake ba. Ya ce ai wake daban ne, ranka ya daɗe, da na faɗa masa. Na ce na faɗa. Ya ce to a ƙara faranti biyu da batir, wannan karon har walda zan iya yi. Aka ƙara. Na kuma koyi wasu abubuwa da kaina: in jiƙa wake tun dare, in yi girki da tsakar rana lokacin da wuta ke shigowa, in manta da shayin asuba sai wanda na zuba a fulas tun jiya. Na sayi ɗan murhun gawayi na ɓoye a ƙarƙashin gado, na ce na gasa masara ne.

Da kaka na koma girbi. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Na ajiye motar a kan tudu mai tauri, na ɗora shinkafa da wake da azahar, na tsaya a kan infata ina jiran kukanta. Ba ta yi ba. Tukunya ta tafasa, ta ci gaba da tafasa, ƙamshi ya cika motar, fanka na juyawa, firji na gurnani, duk a lokaci guda. Na ɗebo wake na matsa da yatsa, ya narke. Na fito da cokali a hannu ina neman wanda zan nuna wa. Masu girbi sun tafi sallah ƙauye. Rugar Baffa ta tashi, sun bi ruwa sun yi kudu, sai kangon bukkoki da turaku.

Nasara irin wannan ba ta zama a ciki. A gonar ba a samun layin waya sai an hau sama, don haka na jingina tsani na hau rufin motar, na ɗaga waya ina juyawa har ta kama. Na kira gida, Hajiya ta ɗauka.

"Hajiya, ya dahu! Waken ya dahu, da rana kaɗai!"

"Wane wake?"

"Na mota! Ki ji, luguf!"

"To alhamdu lillahi. Malam, ina jin iska, a ina kake tsaye?"

Muryarta ta fara yankewa, na ja da baya taki ɗaya don in kamo ta. Wani abu ya ce ƙaras a ƙarƙashin dugadugina. Na duba. Sabon farantin ne, ya tsage tun daga kusurwa har tsakiya, kamar gizo-gizo ya yi saƙa a kai.

"Mene ne ya fashe?"

"Kara ne," na ce. "Karan dawa na taka."

"A saman mota?"

Na ce layin ba kyau, zan kira ta anjima. Na sauko a hankali, na zuba abincin a kwano, na sa manja da yaji, na tafi ƙarƙashin ɗorawa na zauna. Gishiri ya ɗan yi yawa, amma na cinye.